Ranar da Zaidu Ya Kawo Pro

Wata daga cikinku ta rubuto mini bayan abin da na sa a shafin nan makon jiya, ta ce ni Mubaraka jan aji kawai nake yi. Wai saurayi kamar Zaidu, wata takwas yana zarya daga Dogon Dutsi zuwa Dumega a kan babur, amma na hana shi turo manyansa. Ban ji haushinki ba, ƴar uwa, don duk garinmu haka ake faɗa. Yau zan ba ku dalilin, tunda abin da nake rufewa ya riga ya fara leƙowa waje.

Babana ba ya gani. Shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma har zuwa ranar kasuwar da ta wuce ni kaɗai na sani, ko in ce haka nake zato.

Baba Mani ake ce masa. Gyaran rediyo ya fara yi tun ba a haife ni ba, a wani ɗakin ƙasa da ke jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon hanyar kasuwa. Ina shekara biyar ya dawo daga Kamba da wata na'urar wasa mai kaset, ya naɗo ta cikin tsohon bargo kamar jaririya. Daga ranar ɗakin gyara ya zama sal, wurin da samari ke taruwa su yi wasa a tele. Aikina na farko a duniya shi ne hura kaset in ya ƙi kamawa. Baba ya ce iskar bakina tana da albarka, ni kuwa na yarda, har faɗa nake yi in wani ya riga ni hurawa. Inna, Allah ya jiƙanta, tana zaune bakin taga tana miƙo bisaf, wato zoɓo, mai sanyi a leda, tana mita cewa hayaƙin gurup, injin da ke ba mu wuta, zai kashe mata kaji.

Kowace na'ura da ta shigo sal ɗin sai Baba ya raɗa mata suna. PS2 ɗinmu ta farko, baƙa mai kauri, Giwa ce. A cinyarsa na koyi riƙe manet, abin sarrafa wasan, yatsuna ba sa kaiwa maɓallan baya, shi yake danna mini su ta ƙasa ya bar ni ina ihun ni na ci ƙwallo. Shi ne kuma ya fara yi mini bayanin abin da masu ƙera waɗannan na'urori suke yi. Ya ce kowace na'ura in ta kai tsakiyar rayuwarta sai su fito mata da ƙanwa, wani lokaci siririya, wani lokaci mai ƙarfi, amma wasannin da ke ciki duk ɗaya ne. Ba sabuwar haihuwa ba ce, in ji shi, sabon zane aka ɗaura mata. Ya san haka ne don ya taɓa ruɗuwa. Ya ba da Giwa aka musanya masa da siririyar, ya yi wata guda yana cewa ɗakin ya yi masa shiru. Tun daga nan bai sake rabuwa da na'ura ba. Duk suna nan jere a kan kanta, an lulluɓe su da wani farin mayafi da Inna ta saƙa wa baki.

Wadda muke aiki da ita yanzu PS4 ce siririya, Yaya Rashid ya aiko da ita daga Agadas shekara huɗu da suka wuce. Amarya sunanta, ko da yake amarcin ya daɗe da ƙarewa. In zafi ya yi fankarta kan yi ta gurnani, ga lasifikar tele ɗinmu ta tsage, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji busar alƙalin wasa.

Ciwon idon ta gefe ya fara. Ya riƙa tuntuɓe da benci yana zagin bencin. Da abin ya yi yawa muka ce wa mutane za mu Doso sayen manet, muka wuce wurin likitan ido. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun makara. Ya ba mu maganin ɗigawa, amma kafin damina ta zagayo hasken ƙofa kaɗai Baba yake iya bambancewa da duhu. A cikin mota muna dawowa ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, ko Yaya Rashid, balle Gwaggo Shatu.

Kada ku ce girman kai ne. Baba ya ga abin da ya sami wansa, Baffa Yaro, lokacin da ƙafafunsa suka gaza. Gwaggo Shatu, wadda ita ce babbarsu duka, ta zo da mota ta kwashe shi zuwa gidanta a Matankari. Ba wulaƙanci aka yi masa ba, gata ne ya yi yawa. Aka ajiye shi ƙarƙashin rumfa, fura da safe, fura da yamma, masu magani da masu iska suna shiga suna fita, ko butarsa ba a bari ya ɗauka da kansa. Mutumin da ya saba kwana a kasuwanni bai cika shekara a rumfar nan ba. Ga Yaya Rashid kuma, duk bokal, wato saƙon murya, da zai aiko ta waya sai ya ce a rufe sal, wasan yara ne, tsoho ya huta. Baba ya ce mini ranar da aka zare shi daga kujerarsa ta bakin ƙofa, a fara yi masa tanadin likkafani.

Sai na zama idonsa, ta hanyar da ba wanda zai gane. Mutane sun san idon Baba ya yi rauni saboda hayaƙin dalma, ga baƙin tabarau da ya daɗe yana sawa, ga masallaci taku goma sha biyu ne daga ƙofarmu. Muryoyi kuwa ya fi ni saninsu, har kukan babur ɗin kowa ya haddace. Abin da ya rage mini shi ne abin da ba ya yin ƙara. Duk wanda ya shigo sai in ɗaga murya: kai Buba, wannan jar hula daga ina, ka zo ka zauna a kan bencin dama ka tare mana iska! Bayan ɗan lokaci sai Baba ya juya ya ce wa Buba ya cire jar hular nan ko ya ci wasa ɗaya yau. A kwashe da dariya, ba wanda ya lura da komai. Ni da aka sani da kunya a lakwal, makarantarmu ta boko, cikin shekara ɗaya na zama Rediyon Dumega. Mata suna cewa wa zai iya zama da mai bakin nan. Yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, amma na gwammace a ce mini sarkin surutu da a ce wa babana makaho.

A haka Zaidu ya same mu. Haɗa pano na wutar rana ne sana'arsa, yana da shago a Dogon Dutsi, an kira shi ya sauya mana batir. Aikin awa biyu ya mai da shi na yini guda. Wayoyin da ke kwance a ƙasa tun ina ƙarama ya kwashe su duka ya bi da su ta jikin bango. Sannan ya zauna yana naɗa wa kowace waya zoben salatif kusa da kanta, ta tele zobe ɗaya, ta Amarya biyu, ta fanka uku. Na tsaya ina kallonsa na ce a raina, wannan akwai tsirfa, matarsa ta shiga uku da gyaran gado. Ashe ni ce zan wayi gari ina duba waya kafin in wanke ido.

Ina son Zaidu. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye. Amma matar Zaidu a Dogon Dutsi za ta zauna, in na tafi kuwa wa zai ce ga Buba da jar hula? Duk lokacin da ya ɗauko zancen manyansa sai in ce bayan girbi, bayan salla, bayan Yaya ya zo. Bai taɓa tambayata dalili ba, wannan ma ya fi damuna.

Ranar kasuwa da safe ina shara saƙonsa ya shigo.

“Bonjour Barka. Ina bisa hanya. Na riƙo ma Baba tsaraba, kak ki hwaɗa mai.”

Na tambaye shi wace iri, ya turo mini kalma ɗaya, surprise, da hoton wani kwali ɗaure a bayan babur. Na yi wanka na sa atamfata mai ruwan ƙwai da ganye-ganye, wadda ya taɓa cewa tana sa shi mantuwa, na ɗaura kallabi sau uku ina kwancewa. Ina cikin sa kwalli na ji sallamar da ta sa na kusa tsokale idona. Gwaggo Shatu ce, ta biyo motar ƴan kasuwa daga Matankari ba ko sanarwa, da shuɗin zanenta na saƙi da ƙullin kaya a kai.

Na ruga na riga ta isa sal ina rafka mata maraba da ƙarfi, ina yaba shuɗin zanen, ina cewa Gwaggo kin rame ko tafiya ce. Baba ya miƙe ya ce Shatu ba ta tsufa, ita da zanen nan tun auren Rashid. Ta harare ni ta ce wannan ɗiya bakinta ya ƙaru. Ta gaisa da ƙanenta a tsaye, sannan ta ja hannuna zuwa cikin gida ta ce wurina ta zo.

A ɗakin Inna ta zaunar da ni, ta rufe ƙofa. Ta fara tun daga ranar da aka haife ni. Ta ce shekarata ashirin da huɗu, sa'o'ina suna da goyo na biyu, Rashid yana kiranta kullum yana tambaya ko an yi mini asiri ne. Ta ce ta bincika yaron a Dogon Dutsi har wurin limamin unguwarsu, ba wanda ya faɗi aibinsa. Ta ce ita ba dole take yi mini ba, in ba na so in faɗa a sallami ɗan mutane, amma wannan rataya da na yi masa ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban iya ɗaga kai ba.

“Motar Matankari bayan la'asar take tashi,” in ji ta. “Kahin nan nike son amsa. I ko a'a, ba ni komawa da bayan salla.”

Tana cikin magana na ji tsayuwar babur ɗin Zaidu. Na ji hayaniyar samari, na ji ana yaga kwali, na ji Buba mai kabu-kabu yana kiran sunan abin da ƙarfi: Pro! A nan na gane tsarabar. Wata uku ke nan da aka buɗe sabon sal kusa da tasha, an rubuta PRO da jan fenti a bango, samarinmu suna zarewa ɗaya-ɗaya. Baba bai taɓa magana a kai ba, amma na sha ganinsa da yamma yana kasa kunne yana lissafa muryoyin da suka rage. Pro ɗin nan ita ce ƙanwar Amarya mai ƙarfi. Wasanni ɗaya, manet ɗaya, abin da ta fi ta da shi kawai hoto ne. Duk duniya a rasa abin da za a kawo wa babana sai abin da ido kaɗai ke yaba shi.

Na yunƙura zan tashi, Gwaggo ta danne mini gwiwa ta ce saurayin ba guduwa zai yi ba. Ta ci gaba da lissafa mini kayan ɗakin da Inna ta bari. Ni kuwa kunnena yana sal. Can sai wani sauti ya cika gidan, kiɗan nan mai taushi da na'ura ke yi in an kunna ta, amma da wata irin murya mai kauri da na manta da ita. Tsohon baful ɗin Baba ne, babbar lasifikar da ya ƙera da hannunsa zamanin Giwa, wadda ta yi shekara huɗu a kurma saboda Amarya ba ta da ƙofar da za a jona ta. Ban san lokacin da na fizge gwiwata na fita ba takalmi ba.

Na iso bakin ƙofa na tarar da mutum bakwai a tsaye sun yi tsit. Zaidu yana durƙushe gaban tele da shaddarsa ruwan toka, gumi ya jiƙa masa wuya, yana murɗa waya. Kiɗa yana tashi, fitilar na'ura tana ci, amma allon tele baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu. Na buɗe baki zan ce kai, wannan duhu fa, sai Baba ya riga ni. Ya ji kiɗa, ya ji shirun samari, ya ɗauka mamaki ne ya kama su. Ya matso da kujerarsa gaba, ya gyara tabarau, don ya girmama baƙonsa.

“Masha Allah,” ya ce. “Wanga hoto ya hita tar. Ku dibi launi, jama'a.”

Buba ya dubi tele, ya dubi Baba. Na ji numfashin Gwaggo a bayan wuyana, ashe ta biyo ni. Ni da nake da magana a kan hular kowa, ranar bakina ya mutu. Na ga rumfar Matankari a idona, har da ƙwaryar furar.

Zaidu ne ya fashe da dariya. Ya dafe kai da hannu biyu ya zube zaune a ƙasa, a kan shaddar da na san ranar ya fara sa ta.

“Baba, ka kashe ni,” ya ce. “Na ɗauko kaya tun daga Yamai, na zo ina hura hanci, ga allo baƙi ƙirin, kuma a gaban Gwaggo za ka yi min ba'a? Ka yi min rai.”

Na ga hannun Baba ya matse hannun kujera, na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ya jingina baya ya ce ai yabo yake yi, shekararsa arba'in yana gyaran tele bai taɓa ganin baƙi mai tsabta irin wannan ba, lallai Pro ta cika Pro. Ɗakin ya ɓarke. Buba har da buga benci. Nan take suka raɗa wa bawan Allah suna, Zaidu Baƙin Allo, kuma na san garinmu, sunan nan har jikokinsa sai sun ji shi. Ya zauna a ƙasa suna yi masa tsiya yana karɓa, mutumin da ya zo a gan shi da daraja a gaban dangin yarinyar da yake nema. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Da dariya ta lafa Baba ya koma Baba Manin da na sani ina ƙarama. Ya tambayi Zaidu ko a hannu ya sayi na'urar, ya ce i. Baba ya ce to mai ita na farko babbar tele gare shi ta zamani, ya bar ta a kan saitin da tamu ba za ta iya ɗauka ba, ba abin da ya lalace. Ya sa a kashe ta. Ya ce Zaidu ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe, kada ya saki a ƙarar farko, sai ya ji ta biyu. Duk ɗakin aka kasa kunne. Ƙara ta farko ta yi, aka jira, ta biyu na yi Baba ya ce saki, tun kafin yatsan Zaidu ya motsa. Rubutu ya fito a allo. Zaidu ya riƙa karanta kowane layi da ƙarfi kamar ɗan lakwal, Baba yana cewa wuce, wuce, tsaya nan. Minti biyar ba a yi ba fili ya bayyana kore shar.

Abin dariyar, a tsohuwar tele ɗinmu hoton Pro da na Amarya ba su da wani bambanci. Buba ya matsa har hancinsa na taɓa allo, ya rantse ciyawar ta fi yawa, wani ya ce ƙarya yake yi. Amma da aka fara wasa, baful ya ɗauki ihun ƴan kallo ya watsa har hanyar kasuwa. Ana jin bugun ƙwallo, ana jin ta daki ƙarfen raga. Baba ya daina karkata kai irin yadda ya saba, ya zauna sosai yana faɗin wanda zai ci tun ƙwallo ba ta shiga ba. Samari biyu da suka koma sal ɗin tasha suka leƙo jin ƙara, suka zauna. Da wani ya ce a sayar da Amarya tunda an yi mata ƙanwa, Baba ya ce a ɗora ta a kanta kusa da ƴan uwanta, a rufa mata mayafi.

Da aka kira azahar ɗakin ya watse. Zaidu ya ce yana da aiki a Tibiri, ya gaida Gwaggo a durƙushe, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Na shigo kwashe kofuna na tarar da Baba ya sunkuya bayan tebur yana bin sababbin wayoyi da yatsa. Ya kira ni da sunan da shi ya fara kirana da shi.

“Barka, zo ki taɓa nan.”

Na taɓa. Wayar Pro tana da zoben salatif huɗu, wayar baful biyar. Gefen salatif ɗin har ya yi ƙura, ba yau aka naɗa shi ba.

“Daga Dogon Dutsi ya naɗo su,” in ji Baba. “Yaron ga ya sani tun ranar da ya ɗauke wayoyi daga ƙasa. Ni na gane tun sannan, ke ce ba ki gane ba. Kuma ba don hoto ya kawo ta ba, don bahul ne.”

Na zauna a kan benci na yi kukan da na shekara ina haɗiyewa. Wata takwas ina yi wa mutum ƙaryar girbi da salla, ashe yana sane, yana jira, bai ko nuna mini ya sani ba don kada in ji na karya alkawari. Baba ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce in ba Gwaggo amsar da ke raina, kada in sa shi cikin dalili, shi bai haife ni don in zama sandarsa ba. Na ce to wa zai riƙa faɗa masa wanda ya shigo. Ya ce shi ma bai sani ba.

Sai a lokacin na tuna wani abu. Duk dariyar da aka yi a ɗakin nan, ban ji muryar Gwaggo a ciki ba. Tun da aka watse kuma tana can tsakar gida, na hango ta da waya a kunne.

Bayan la'asar ta fito da ƙullinta a kai. Ba ta tambaye ni amsa ba. Ta cire takalmi a waje, ta shiga sal a hankali ba sallama, ta tsaya gaban ƙanenta. Ta kwance bakin zane ta ɗauko goro fari guda, ta miƙa masa daidai fuskarsa, ba ta ce komai ba. Na ja numfashi zan yi aikina, ta ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ta juyo ba. Goron yana nan a gabansa, tazarar tafin hannu. Baba yana zaune yana murmushi wajen ƙofa, yana kaɗa ƙafa da kiɗan baful. Matar nan da ta goya shi a bayanta, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar rasuwar Baffa Yaro, na ga haɓarta tana rawa.

Ta janye hannunta, ta fita yadda ta shigo. Na bi ta zaure.

“Tun yaushe?” in ji ta.

Na faɗa mata. Na roƙe ta da girman Allah kada ta kai shi Matankari, na ce rumfar nan za ta kashe shi. Na yi zaton mari zan sha. Ta daɗe tana kallon hanya, har motar ƴan kasuwa ta yi oda ta biyu a tasha. Sai ta sauke ƙullin daga kanta ta dangwara mini a hannu, ta ce in kai ɗakin uwata in shimfiɗa mata tabarma. Na tambaye ta har yaushe, ta ce ba ni ke tambayarta ba.

Ta goge fuska da bakin mayafi, ta sa takalmi, ta koma ƙofar sal tana jan ƙafa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

“Mani, ni ce Shatu,” ta ce, da murya har ta fi tawa. “Mota ta tahi ta bar ni. Ga ni ta damanka da shuɗin zanen da kake ma ba'a, ga goro hwari na kawo maka, buɗe hannu.”

Baba ya daina kaɗa ƙafa. Ni kuma ina rungume da ƙulli a bakin ƙofa. Sannan ya buɗe tafinsa a hankali, ta sa masa goron ta naɗe yatsunsa a kai.

“Shuɗin ya karɓe ki, Yaya,” ya ce.

Rabon da in ji ya kira ta Yaya tun Inna tana da rai. Ya ɓare goron ya miƙa mata rabi, daidai inda take. Sai ya juyo wajena ya ce wayata tana ta ɓari a kan kanta tun ɗazu, shi yana jin ta ko da mu ba mu ji ba, in je in amsa wa yaron mutane haka nan, ya sha rana da yawa.

Na ajiye ƙullin, na goge hannu a atamfata, na riga na shirya kalmar da zan faɗa masa. Na ɗaga wayar daga gefen mayafin Inna. Kira shida ne a jere, ga na bakwai yana shigowa, kuma ba Zaidu ba ne. Yaya Rashid ne.